Damin Gonar Madugu

Rinjin Calawa,
farkon Oktoba.

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, da wannan aiki naki na shaƙar ƙurar tsofaffin takardu. Mu nan lafiya ƙalau, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in zan tashi daga sujada. Kunne kuwa kin san labarinsa, masaƙar Bompai ta cinye shi tun kafin a rufe ta. Don haka ki daina zuga ɗana Jamilu ya saya mini waya. Me zan yi da ita? In kafa a kunne ina ta na'am, na'am, mutum yana can yana zagina ban sani ba? Takarda ta fi mini. Ita in ban gane ba sai in sake karantawa, ba ta ƙosawa da ni.

To, ga abin da ya hana ni zama har na nemo biro. Baffanki Alhaji Kamilu ya zo rinjin nan da kansa. Da kansa fa, ba aike ba. Rabona da ganin ƙafarsa a nan tun yana ɗan mitsitsi, lokacin da nake saɓa shi a wuya in tsallake rafi da shi yana ja mini kunne. Wataƙila ma shi ya fara lalata kunnen. Ya cire takalmi ya zauna a tabarmata, ya sha furar da Asibi matar marigayi ƙanena ta dama masa. Ya kawo shinkafa da shadda. Daga nan ya ce in zagaya da shi gona. Muka bi ta bayan katangar majemar nan da ruwanta ke ƙona mana gefen gabas, ya tsaya ya daɗe yana kallon dawa. Bana ta yi kyau, sai dai mu gode wa Allah. Sai ya matso bakin kunnena ya ce, Yaya Isyaku, me muka yi muku kuka daina kawo mana dami?

Zuwaira, sai da na yi hawaye. Ke yarinya ce, ba lallai ki san nauyin maganar ba. Tun zamanin Madugu Ɗahiru, mai wannan gandu, duk kaka mutanen rinji, wato bayin da ya zaunar a gandun da jikokinsu, sukan ɗaure damin dawa mafi kyau su kai gidansa a cikin gari. Ubana ya kai a ka. Ni na kai a keke, wajen kakarki Hajiya Safiya, Allah ya jiƙanta. Da ta rasu, shekara goma sha wani abu ke nan, aka kulle gidan, kowa ya watse Nassarawa da Hotoro. Sau ɗaya na gwada kaiwa gidan Kamilu, maigadi ya dube ni ya dubi damin ya ce ba a sayen kara a nan. Na juyo da abina, ban ƙara ba. Na ɗauka an yanke mu ne. Ashe yana sane da mu. Ya ce bana in kawo kamar yadda ake yi da, zai tara mutane a karɓe ni yadda ya kamata.

Abu na biyu. Ya ce gafakar takardun Madugu tana wurinki a Kaduna, ya ba ki ki tsara ki fassara, tunda ke ce mai karanta ajami da Larabci a gidan. Don Allah ki duba mini ko akwai sunan kakata Alheri a ciki. Kin dai san ita da Kyauta, kakar mahaifinki, ciki ɗaya suka fito, tare aka kawo su daga kudu suna yara. Kyauta Madugu ya sa ta a ɗaka ta haifa masa ɗa, Alheri aka bar ta a rinji da fartanya. Shi ya sa yau kike ofis mai fanka ni kuma nake korar tsuntsu. Ban taɓa ganin sunanta a rubuce ba, ina so in gani kafin ido ma ya bi kunne.

Na ba Timoti wannan takarda, direban kamfanin robar Kamilu da ke Sharaɗa, ya ce duk mako yana kai kaya Kaduna. Ki ba shi amsa. Kada ki yi irin taku ta 'yan boko, a ce za a yi a kuma manta.

Babanki,
Isyaku.

*

Kaduna,
ƙarshen Oktoba.

Zuwa ga Baba Isyaku,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da kyau, ina gaida Inna Asibi da duk mutanen rinji. Takardarku ta iso, na yi dariya a kan maganar waya har abokan aikina suka tambaye ni ko lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu ma lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi amma ya warware.

Gafakar ba ɗaya ba ce, uku ce, kuma asu ya ci ɗaya sosai. Yawancin abin da ke ciki wasiƙun fatauci ne, tsakanin Madugu da mutanensa a hanyar Gwanja: goro ya yi tsada, jakuna sun mutu a wani zango, wane ya gudu da kaya. Akwai na gandu kuma, abin da aka noma a Calawa na dawa da auduga da baban rini, da wanda aka naɗa sarkin gandu. Mutum ne mai rubuta komai, ko tukunya ta fashe sai ya sa an rubuta.

Na sami Alheri. Tana cikin takardar rabon gadon Madugu. Na yi ta tunanin ko in faɗa muku yadda aka rubuta ko in gyara, sai na ga ku kuka tambaya, kuma ba ku son kwana-kwana. Magatakardan ya jera kayan gado ne bi da bi: huhunan goro, jakuna, tagulla, sannan mutanen rinji. A nan take. Ya rubuta, Alheri, baiwa, mai tsaga uku a kunci, da ɗa namiji a goye. Ina jin ɗan nan mahaifinku ne. Ta faɗa a rabon babban ɗan Madugu, wanda ba ɗan Kyauta ba ne, kakan Baffa Kamilu ta wajen uba ke nan in an bi. Kyauta ba ta cikin kayan rabo. Sunanta yana wani shafi, inda aka ce ta 'yantu da mutuwar maigidanta tunda ta haifa masa. Shafi biyu ne a jere, Baba, yaya da ƙanwa. Ranar ban iya cin abinci ba. Na kwafe muku layin da hannuna, yana cikin ambulan ɗin nan.

Maganar dami kuma, ina roƙonku kada ku kai. Kada ku kai da kanku, kada ku aika kowa. Bayan abin da na karanta a takardun nan, ba na son a gan ku a ƙofar gidan Baffa da dami. Sauran bayani sai mun haɗu, zan shigo Kano ƙarshen watan gobe in Allah ya so. Ku yi mini wannan alfarma ko da ba ku ji daɗinta ba.

'Yarku,
Zuwaira.

*

Rinjin Calawa,
Nuwamba.

Zuwaira,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa yaron lafiya.

Na ga layin da kika kwafo. Na gode. Na sa shi a cikin Alƙur'anina. Da a nan kika tsaya da na shi miki albarka har takarda ta cika.

Amma sai kika ƙara. Na karanta ƙarshen takardarki, na ajiye, na je na zagaya gona na dawo na sake karantawa, ko idona ne. Ba idona ba ne. Ba kya son a gan ni a ƙofar gidan Baffanki. Wato kin ga sunan kakata kusa da jakuna, sai yanzu kika tuna ko mu su waye. Da can da ba ki gani a rubuce ba, Baba Isyaku ne, kina zuwa hutu kina cinye mini ɗanyar gyaɗa kina kwana a ɗakin matata. Yanzu kuwa kin sha boko kin sha Larabci, in an gan ni da dami a ka za a ce ga bawan gidansu Malama nan ya zo, ki ji kunya a gaban mutanenki. To ki sani, tsagar da ke kuncin Alheri ita ce a kuncin Kyauta. In ni abin ɓoyewa ne, ke ma ki nemi inda za ki ɓoye hancinki, don irin namu ne.

Ni ban taɓa jin kunyar Alheri ba. Ba ita ta sayar da kanta ba. Ta yi noma a ƙasar nan har bayanta ya lanƙwashe, a nan aka binne ta, a gindin ɗorawar da kike hawa. Kuma dami ba bauta ba ne, in ba ki sani ba ki tambaya. Mai dami ba ya tsayawa a zaure yana jiran iso, kai tsaye yake wucewa cikin gida. Hajiya Safiya da hannunta take sussuke zangarniyar farko, a yi tuwo a raba ɗaki ɗaki, a ce ga tuwon 'yan'uwanmu na Calawa. 'Yan'uwanmu take cewa. Ita ba ta yi boko ba, shi ya sa.

Shekara da shekaru ina zaune a tsakanin katangun kamfanoni, hayaƙi ta nan, ruwan wari ta can, babu wanda ya leƙo daga gidan Madugu ya ce kuna raye ko kun mutu. Yanzu mutum ya tako ya cire takalmi ya ce ku dawo, sai ke, ke da na fi so a gidan gaba ɗaya, ki ce in zauna. Abin ya yi mini ciwo, Zuwaira. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo ƙwarai.

Mun fara yankan dawa. Na gaya wa gidajen rinji duka, kowa ya yi murna. Asibi da nomanta bai taka kara ya karya ba, ita ma ta ce sai an sa nata. Ba dami ɗaya za mu kai ba, na kowane gida za a ɗaure, mu ɗauki akori-kura. Kamilu ya aiko a ce mini duk ranar da na shirya, ƙofarsa a buɗe take. Na so in jira ki mu shiga tare. Yanzu ba sai na jira ba.

Kada ki wahalar da kanki da amsa. Na san aiki ya yi miki yawa.

Isyaku, jikan Alheri.

*

Kaduna,
ranar da takardarku ta iso.

Baba,

Ina gaishe ku. Ku gafarce ni, ba zan tsawaita gaisuwa ba, ina sauri in kai wannan tasha kafin motar Kano ta cika. Ba ta hannun Timoti za ta zo ba. Direban mota zai ba mai kemis ɗin bakin titinku, shi ya miƙo muku.

Laifina ne, na rubuta magana rabi. Na yi haka ne don takardarku ta farko ta iso mini an buɗe ta an sake mannewa. Ban ce Timoti ba ne, mutumin kirki ne, amma ya gaya mini duk abin da zai ɗauko sai ya bi ta ofis a Sharaɗa. Na ji tsoron rubuta komai a fili. Yanzu ga shi a fili.

Gonar ake so, Baba. A cikin gafaka akwai wata takarda ta babban ɗan Madugu, wadda ya sa aka rubuta bayan Turawa sun hana cinikin bayi. Ya ce mutanen rinji su zauna su ci gaba da noman ƙasar a matsayin aro, kuma alamar aron ita ce dami duk kaka. Ku kun gaji dami a matsayin zumunci, na kuma yarda Hajiya Safiya ma haka ta ɗauke shi. Amma a takarda ba haka yake ba. Kwanan baya lauyan Baffa ya kira ni. Duk tarin takardun nan bai tambayi ko ɗaya ba sai wannan shafi, ya ce in fassara in sa hannu in buga hatimin ofis. Da na tambayi dalili sai ya kama kame-kame. Na bincika wajen matar Baffa, ta ce ai masu majemar da ke maƙwabtaka da ku suna son faɗaɗa wuri, sun daɗe suna zuwa gidan.

Na je na sami wani malami a nan da ya yi aikin alƙalanci, na ba shi labari ban kama suna ba. Ya ce wanda ya daɗe yana noma ƙasa, masu cewa tasu ce suna gani ba su yi magana ba, ba su karɓi komai a hannunsa ba shekaru masu yawa, yana da ƙarfi sosai a gaban alƙali. Shekarun nan da maigadi ya kore ku kuka daina kaiwa, su ne garkuwarku. Hajiya ta rasu, waɗanda suka ga kuna kai mata sun watse. Amma ya ce in mutumin ya ɗauki dami da kansa ya kai a gaban shaidu, to ya amsa da bakinsa cewa aro yake ci, mai aro kuwa ana iya cewa ya tashi. Mutanen da Baffa ya ce zai tara don a karɓe ku, shaidu ne.

Na ƙi yin fassarar. Baffa ya kira ya yi mini faɗa, ya ce in mayar da gafakarsa. Amma ƙin nawa ba zai hana komai ba, sun riga sun ɗauki hoton shafin, masu karanta ajami kuma ba su ƙare ba. Abin da ba su da shi kawai shi ne ku a ƙofar gida da dami. Na yi ta kiran Jamilu ya zo ya yi muku bayani, ashe yana hanyar Legas da kaya, wayarsa ba ta shiga.

Maganar kunya kuwa, Baba, na yi kuka da na karanta. Ni jinin Kyauta ce, ban taɓa mantawa ba. Ku zage ni yadda kuke so in na zo, zan durƙusa in saurara. Amma kada ku motsa. Na nemi izini a ofis, Asabar mai zuwa ina Calawa. Ku ce wa Baffa dawa ba ta bushe ba, ku ce gwiwa ta tashi, ku ce komai.

'Yarku har abada,
Zuwaira.

*

Calawa,
Asabar, a ƙofar ɗakinku.

Baba,

Ina gaisuwa. Na zo tun hantsi, ga shi har la'asar ta wuce ban gan ku ba. Inna Asibi ta ce kun fita da sassafe ba ku faɗi inda za ku ba. Ta ba ni labarin kai damin da kuka yi ranar Alhamis, tana ta murna, ta nuna mini atamfar da Baffa ya raba musu. Ta ce mai kemis ya kawo muku takardata tun Laraba. Ban gane ba, Baba. Kun karanta kuka tafi, ko ba ku yarda da ni ba ne?

Ban gaya mata komai ba, ban san ta inda zan fara ba. Na zagaya gonar, na tsaya a gindin ɗorawa. Dole in koma yau saboda yara. Don Allah ku rubuto mini duk abin da aka yi da duk abin da kuka ce, kalma da kalma, in kai wa malamin nan ko akwai sauran dabara. Ku ba mai kemis, ya san direban.

Zuwaira.

*

Rinjin Calawa,
Janairu.

'Yata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da jikokina. Jiki da sauƙi. Jamilu ya dawo, ya kwana biyu ya sake tafiya. Na san kin gaji da jiran wannan takarda. Na fara ta ya fi a ƙirga ina yagawa.

Ranar da kika zo ina nan. Ina cikin karan dawa ta gefen majema, ina hango ki a gindin ɗorawa. Na kasa fitowa. Tsoho da furfura ya ɓuya wa 'yarsa a cikin kara har ƙafarsa ta yi tsami. Ki yafe mini wannan, da kuma maganganun da na rubuta miki. Hancinki ba shi da laifin komai.

Takardarki ta zo Laraba, gaskiyar Asibi ne. Ban buɗe ba. Na ga rubutunki a bayan ambulan, raina yana tafasa, na ce ba zan bari yarinyar nan ta sake ɓata mini rai ana gobe tafiya ba. Na tura ta ƙarƙashin tabarma na ce in na dawo na karanta ban-haƙurin nata. Kin ce in faɗa miki kalma da kalma, to ga shi.

Mun isa Hotoro da hantsi, mu da damunanmu a akori-kura, mata a baya suna guɗa. Wannan karon maigadi har da sara mini. An shimfiɗa darduma a tsakar gida, an jera kujeru. Akwai dagacinmu, akwai limamin unguwarsu, da wasu mutum biyu masu kwat da ban sani ba, ɗaya yana riƙe da waya yana ɗaukar mu tun daga ƙofa. Na ɗauka don tarihi ne, har na gyara hula. Na ce ba wanda zai sauke damin farko sai ni. Na ɗora a ka da wannan gwiwar tawa, na taka har gaban Kamilu na ajiye. Ya tashi ya rungume ni. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji ya ce, Yaya Isyaku, gaya wa yaran nan da ba su san tarihi ba, wannan dawa daga gonar wa ta fito?

Na ce gonar Madugu. Haka ubana yake cewa, haka kowa yake kiranta a Calawa, ko ɗan acaɓa ka ce masa gonar Madugu zai kai ka. Ya ce ba su ji ba a baya, in ƙara. Na ƙara da ƙarfi, kin san kurma ba ya magana a hankali. Ya ce, ku kuma tun yaushe kuke cikinta? Na ce tun kakanninmu, Madugu ya zaunar da mu, 'ya'yansa suka bar mu muna ci, Allah ya saka musu da alheri. Na ƙara da cewa duk shekarun da ba mu kawo ba ma ba ƙi muka yi ba, hanya ce ba mu samu ba, amma mun san hakkin gida ne. Wannan ba wanda ya tambaye ni. Ni na ƙara don in nuna mu masu tarbiyya ne. Mai kwat ɗin ya sunkuya ya rubuta. Aka kawo shinkafa da kaji, na ci na ƙoshi, na yi wa Kamilu addu'a har muryata ta dushe.

Da na dawo na yi alwala na yi la'asar, na ɗaga tabarma na ce bari in ga abin da Malama ta ce. Sauran kin sani.

Ba sai kin wahalar da malamin naki ba. Na je wajen dagaci ni kaɗai. Bai iya haɗa ido da ni ba. Ya rubuta mini a takarda, tunda ba a yi mini raɗa, cewa shi an gayyace shi cin abinci ne, amma abin da ya ji ya ji, in aka rantsar da shi ba zai yi ƙarya ba. Ban ga laifinsa ba. Na je Sharaɗa wajen Kamilu sau biyu, aka ce ya yi tafiya. Motarsa tana nan a inuwa ina kallonta.

Makon jiya safiyo mai awon ƙasa ya zo da ma'aikatansa da turakun siminti. Suka fara kafawa ta yamma, sai na ga sun shiga gonar mutanen ƙauyen gaba, wadda ba ta taɓa zama ta Madugu ba. Na ce a'a, ba nan ba ne. Suka ce to Baba nuna mana. Ni na bi da su iyaka, daga ɗorawa har bakin rafi, ina nunawa suna kafawa. Na roƙe su su bar ɗorawar da kaburburan a waje, babbansu ya ce zai faɗa a sama. An ce za a ba kowane gida wani abu na sallama, kuma za a ɗauki samarinmu aiki in an gama gini. Wasu samarin har sun fara murna. Asibi ta daina yi mini magana, ta kai atamfar ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ban san wa ya gaya mata ba, wataƙila ba sai an gaya mata ba.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna sai in tashi, in na je gona sai in dawo, in na dawo sai in ga kamar na bar wani abu a can. Ki zo in kin sami hali, wannan karon zan fito. Kada ki mayar wa Kamilu gafakar nan sai kin kwafe mini sunayen mutanen rinji duka, ba na Alheri kaɗai ba. Kowane gida a nan yana da nasa a ciki, su ma su gani.

Jiya mai kawo mini taki duk rani ya zo da jakunansa, tun kaka muka yi magana da shi na manta ban hana shi ba. Ya tsaya a bakin gona yana kallon turakun, ya matso kunnena ya ce, Malam Isyaku, ina zan juye? Na tsaya ina kallonsa. Jakunan suka gaji da tsayuwa, ɗaya ya durƙusa da mangalarsa. Daga baya na ce ya juye a inda ya saba.

Babanki,
Isyaku.